Babi na Biyar: Kifayen da Babu Su a Kogin Haɗeja

Wanda ya shiga kasuwar kifi ta Haɗeja lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadama zai iya ɗauka cewa babu irin kifin da Allah ya halitta wanda bai zo nan ba. Ga tarwaɗa tana mutsu-mutsu a cikin baho, ga karfasa an kasa ta tsibi-tsibi, ga kurungu da ƙayoyinsa uku a miƙe, ga bargi, ga gaiwa, ga banda ana jerawa a kwali domin masu kaiwa Kudu. To amma a feɗe ko wanne daga cikinsu, abu biyu ba za a rasa ba: ƙashi a jiki da muƙamuƙi a baki. Duk bambancin da ido ke gani tsakanin giwan ruwa da ɗan ƙaramin kawara bambanci ne na ’yan gida ɗaya, gidan kifaye masu ƙashi, wanda shi ne ya ƙunshi kusan duka nau’o’in kifi sama da 35,000 da masana suka ƙidaya a duniya. Akwai wasu gidaje biyu da suka rage. Na ɗaya shi ne na kifaye masu guringuntsi, wato shak da dangin kunamar ruwa da wani kifin zurfin teku da ake kira kimera, su wajen nau’i 1,200. Na biyu shi ne na kifaye marasa muƙamuƙi, waɗanda ba su wuce nau’i 120 da ’yan kai ba. Daga Wudil zuwa Ringim, daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa har bakin Tafkin Chadi, ba a taɓa kama ko ɗaya daga cikin waɗannan gidaje biyu ba.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, ai kifayen teku ne, mu kuwa muna nesa da teku. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta gamsar ba, domin akwai shak da ke shiga kogi ya yi tafiyar dubban kilomita, akwai kunamar ruwa a Binuwai, kuma yawancin nau’o’in lamfiri, ɗaya daga cikin marasa muƙamuƙin, a ruwan daɗi suke rayuwa tun daga ƙwai har mutuwa. Abin da nake so in tabbatar a wannan babi shi ne cewa rashin waɗannan kifaye a nan yana da dalilai da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya, wasu a cikin jininsu, wasu a yadda suke haihuwa, wasu a tarihin kogin kansa, kuma wanda ya gane dalilan zai fi gane abin da ya sa tarwaɗa da gaiwa suka mallaki wannan fadama, da abin da zai iya ƙwace ta daga hannunsu.

Marasa muƙamuƙi su ne suka fi sauƙin sallama. Kashi biyu ne. Akwai kifin yauƙi, wanda Turawa ke kira hagfish, dogo mai santsi, kusan makaho, yana zaune a ƙasan teku mai sanyi yana cin mushen abin da ya nutse. Ba shi da muƙamuƙin cizo, don haka idan zai yagi nama sai ya ƙulla jikinsa ƙulli, ya tura ƙullin zuwa kai, ya dafe da shi ya fizgo. Idan aka kama shi sai ya fitar da wani yauƙi da kan iya daskarar da ruwan bokiti guda cikin ƙiftawar ido, yauƙin da ke toshe wa shak hanyar numfashi har ya sake shi. Abin da ya shafe mu game da shi ɗaya ne: gishirin jininsa daidai yake da na ruwan teku, kuma jikinsa ba shi da dabarar riƙe gishiri idan na waje ya ragu. Cikin nau’o’insa kusan 80 babu wanda ya taɓa zama a ruwan daɗi a ko’ina a duniya. Kashi na biyu shi ne lamfiri, mai kewayayyen baki cike da haƙoran ƙaho, da hanci guda a tsakiyar ka, da ramuka bakwai na numfashi a kowane gefe. Wasu nau’o’insa kan manne a jikin wani kifi su kankare fata su sha jini, wasu kuma ba sa sake cin komai da zarar sun balaga, sai dai su yi ƙwai su mutu. Shi lamfiri ya iya ruwan daɗi sarai. Abin da ya hana shi ƙasarmu zafi ne. Yana zuba ƙwai a kan tsakuwa a rafi mai sanyi mai gudu, ’ya’yan kuma su binne kansu cikin laka shekara uku zuwa bakwai suna tace abinci daga ruwa, kuma idan zafin ruwa ya doshi digiri 30 mutuwa suke yi. Shi ya sa ake samunsa a Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, a tsallake tsakiyar duniya gaba ɗaya, sai kuma a sake samunsa a kudancin Ostireliya da Niyu Zilan da Cile. Inda ya ɗan matso ƙasashen zafi, kamar Meziko, a kan tsaunuka yake inda ruwa ke da sanyi. Kududdufin da ya rage a fadamar Kirikasamma a watan Afrilu, wanda bai kai gwiwa ba kuma rana ta dafa shi tun hantsi, ba wurin da ɗan lamfiri zai yi kwana ɗaya ba ne, balle shekara biyar.

Masu guringuntsi ne ke buƙatar dogon bayani, kuma kafin a shiga sai an kawar da wani kuskure da ya daɗe a littattafan makaranta, wato cewa shak tsohon yayi ne, halittar da ba ta kai ga yin ƙashi ba, don haka kifaye masu ƙashi suka fi shi suka kore shi daga koguna. Guringuntsi dai shi ne abin da kowa ke ji idan ya lanƙwasa kunnensa ko ya taɓa ƙarshen hancinsa. Na shak an lulluɓe shi da ƙananan faranti masu tauri na sinadarin kalsiyam, ya zama mai ƙarfi kuma bai kai ƙashi nauyi ba, abin da ke da amfani ƙwarai ga kifin da ba shi da jakar iskar nan da ake gani a cikin karfasa idan an feɗe ta. Burbushin kifayen da suka zama dutse, waɗanda aka tono a Sin da Mongoliya da Saberiya, sun nuna cewa kifaye masu muƙamuƙi na farko, sama da shekara miliyan 400 da suka wuce, suna da ƙashi a jikinsu, har masana da yawa suka koma ga ra’ayin cewa kakannin shak barin ƙashi suka yi bayan sun same shi. Sannan halittar da haƙoranta ke sabuntuwa layi bayan layi har ƙarshen rayuwa, wadda ke da wasu ƙananan ramuka a hanci da take jin wutar lantarkin da ke fita daga bugun zuciyar kifin da ya ɓuya cikin yashi, ba za a ce da ita koma-baya ba. Shak mai suna kifin whale, wanda kan haura mita 12, shi ne kifi mafi girma a duniya. A teku babu wanda ya kore su. Don haka ƙarancinsu a ruwan daɗi, inda bai fi kashi 5 cikin 100 nasu ke shiga ba, dole a nemo masa wani dalili.

Dalilin yana cikin yadda ruwa ke bin gishiri. Duk matar da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ta ga yadda ruwa ke tsattsafowa, domin ruwa kullum yana ratsa fata mai laushi ya nufi ɓangaren da abin da aka narkar ya fi yawa. Litar ruwan teku tana da gishiri wajen giram 35, ta ruwan Kogin Haɗeja kuwa ba ta kai rabin giram ba, jinin kifi mai ƙashi kuma yana tsakani, kimanin kashi ɗaya cikin uku na teku. Saboda haka kifi mai ƙashi da ke teku kullum ruwa na fita daga jikinsa, sai ya yi ta shan ruwan teku yana fitar da gishirin ta gaɓoɓin numfashinsa. Tarwaɗa a nan akasin haka take fama da shi: ruwa na kutsowa cikinta dare da rana, ba ta sha, sai yawan fitsari tsararo, tana kuma tsamo ɗan gishirin da ke cikin ruwan tana adanawa. Shak ya bi wata hanya dabam wadda babu kifin Haɗeja da ke bin ta a cikin ruwa. Maimakon ya zubar da yuriya, wato dattin da hanta ke haɗawa ƙoda ta fitar a fitsari, sai ya riƙe ta a cikin jini. Wannan yuriyar ita ce dai sinadarin da ke cikin farin takin da manomin shinkafa a Auyo ke saye buhu-buhu. Abin da ke jinin shak ya ninka na jinin mutum fiye da sau 50, adadin da zai kashe ɗan Adam, amma shi yana haɗa ta da wani sinadari da ke kare naman jikinsa daga illarta. Da wannan dabara jininsa kan ɗan fi ruwan teku kauri, ruwa ya riƙa shigo masa a hankali ba tare da ya sha ba, ɗan gishirin da ya yi yawa kuma wata ’yar gaɓa kusa da dubura ta fitar da shi. Shi ya sa naman shak da ya kwana ba a gyara ba yake zarni. Wani masanin ƙoda ɗan Amurka, Homer Smith, shi ne ya fayyace wannan al’amari a farkon shekarun 1930.

Dabarar da ta yi masa rana a teku ita ce ke zame masa kaya a kogi. Jinin da aka shirya don ya yi daidai da teku, idan aka kawo shi ruwan daɗi, tazarar da ke tsakaninsa da ruwan ta ninka ta karfasa kusan sau uku, ruwa ya yi ta kwararowa cikin jiki, ƙoda ta yi ta aiki, kuma kowane fitsari yana tafiya da yuriya da gishirin da sai an kashe ƙarfi kafin a mayar da su. Ga kuma matsalar nauyi. Shak yana dogara ne da ƙatuwar hanta mai cike da mai don kada ya nutse, a wasu nau’o’in ma hantar kan kai rubu’in nauyin jiki, ruwan daɗi kuwa bai kai na teku ɗaukar kaya ba. Kifin da ke da jakar iska sai ya ɗan ƙara mata iska ya huta, amma wanda ya dogara da mai sai dai ya ƙara girman hanta ko ya ƙara wahalar iyo. Wannan na daga cikin abin da ya sa mafi yawan masu guringuntsin da suka zauna a koguna dangin kunamar ruwa ne, masu kwanciya a ƙasa, waɗanda nutsewa ba ta dame su ba.

A nan ne gaiwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ma ta san yuriya, sai dai inda ta kai ta dabam ne. Idan fadama ta fara ƙafewa, gaiwa kan haƙa rami a cikin taɓo ta naɗe jikinta, wutsiya a kan fuska, ta fitar da majina da ke bushewa ta zama kwanso, ta bar ’yar ƙofa a baki inda iska ke shiga, domin tana da huhu na gaske. Masu haƙar gaiwa da rani sun san alamar ramin a busasshiyar ƙasa. Tana nan wata da watanni ba ci ba sha, kuma maganar da Hausawa ke yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce tsantsa, naman jikinta take narkarwa a hankali. Narkar da nama yana haifar da amoniya, guba ce da kifi ke wankewa da ruwa, ita kuwa ba ruwa. Sai ta mayar da amoniyar yuriya ta tara a jiki, ranar da ruwan farko ya jiƙa ramin ta fito ta zubar da ita cikin ’yan kwanaki. Homer Smith ɗin nan ya yi nazarin wannan ma, a kan ’yar’uwar gaiwa ta Gabashin Afirka. Sinadari ɗaya ne, shak ya riƙe shi don ya zauna cikin gishirin da ba ya canzawa, gaiwa ta riƙe shi don ta tsallake rani. Kuma ba ita kaɗai ke shaƙar iskar sarari ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a bayan kai da ke ba ta damar daɗewa a waje, shi ya sa take kaiwa kasuwa da rai. Bargi da gwando da yauni duk sukan taso su haɗiyi iska. Wannan ba kwatsam ba ne, domin ruwa mai zafi marar gudu da ciyawa ke ruɓewa a cikinsa iskar oksijin ɗinsa kan ƙare, musamman da asuba. A cikin masu guringuntsi 1,200 babu ko ɗaya da ke numfashi da iskar sarari.

Bayan gishiri da iska, haihuwa ita ce shinge na uku, kuma a ganina ita ce mafi tsawo. Rayuwar fadama ta cikowa da janyewa ce. Ruwan sama kan sauka daga Yuni zuwa Satumba, kogi ya tumbatsa ya bazu cikin ciyawa, abinci ya yalwata na ’yan watanni, sannan komai ya tsuke, mafi yawan ƙananan kifin shekarar su mutu ko su faɗa koma ko cikin tsuntsu. Wanda zai ci ribar irin wannan wuri sai mai zuba ƙwai da yawa cikin gaggawa. Tarwaɗa guda kan zuba dubban ƙwai, babba ma dubu goma-goma, a daren da ruwa ya hau ciyawa, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ɗan da ya tsira kan iya haihuwa kafin ya cika shekara. Ko da fari ya hallaka kashi 99 cikin 100, damina mai kyau guda ta isa ta mayar da gurbi. Masu guringuntsi ba haka suke ba. Namiji yana da gaɓoɓi biyu a gefen fiffiken ciki da yake saduwa da mace da su, ƙwan yana ƙulluwa a cikin jiki, wasu su ajiye ’yan manyan ƙwai masu kwanso mai tauri, fiye da rabi kuma su haifi ’ya’ya rayayyu, wasu har da mahaifa da cibiya. ’Ya’yan kaɗan ne, manya, masu iya farauta tun ranar farko. Akwai ƙaramin shak da cikinsa kan kai kusan shekara biyu, akwai na Girinlan wanda binciken da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa ba ya balaga sai ya kai wajen shekara 150. Wannan tsari ne na wurin da gobe ke kama da yau. A wurin da ruwa kan ɓace rabin shekara, uwar da ta ɗauki watanni tana renon ’ya’ya biyu ko uku a ciki ta yi asara tun kafin ta haihu.

Mai karatu da ya san Binuwai zai ce, to ina ka bar kunamar ruwa? Tambayar tana da ƙarfi, kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai shak ɗin da ake kira bijimi, wanda aka kama a Kogin Misisifi a garin Alton a 1937, sama da kilomita 1,000 daga teku, aka same shi a Amazon har kusa da Ikitos ta ƙasar Peru, yana kuma shiga Zambezi da Kogin Gambiya. An daɗe ana zaton na Tafkin Nikaragwa wani nau’i ne da ya maƙale a can, sai Thomas Thorson ya maƙala musu alama a shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa hawa da sauka suke yi ta Kogin San Juwan. Idan bijimi ya shiga ruwan daɗi yakan rage yuriyarsa kusan rabi ya ƙara fitsari ninki-ba-ninki, amma jininsa yana nan ya fi na karfasa kauri nesa ba kusa ba, kuma galibi a bakin teku yake haihuwa. Baƙo ne mai ƙofar komawa gida. Waɗanda suka yi ƙaura ta dindindin su ne dangin kunamar ruwa na Amurka ta Kudu, wajen nau’i 40, waɗanda suka daina riƙe yuriya kwata-kwata, gaɓar fitar da gishirinsu ta shanye, har idan aka sa su a ruwan teku mutuwa suke yi. Ita tamu ta Binuwai tana tsakanin biyun. A 1962 masana biyu Faransawa, Stauch da Blanc, suka bayyana ta daga Garwa ta Kamaru, suka ɗauka ’yar gidan na Amurka ta Kudu ce. A 1975 Thorson da abokin aikinsa Watson suka sake duba ta, suka ga har yanzu tana riƙe yuriya gwargwado, alamar cewa danginta na kusa a tekun Afirka ta Yamma suke kuma ba ta yi nisa da barinsa ba. Kewayayya ce a baje, faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba, tana kwanciya cikin yashi idanu kawai a waje tana cin tsutsotsin ƙwarin ruwa, da ƙaya mai dafi a wutsiya wadda ke sukar wanda ya taka ta. Duk waɗannan misalai, idan aka lura, abu biyu suka haɗa su: babban kogi mai zurfi da ba ya ƙafewa, da kuma hanya buɗaɗɗiya zuwa teku, yanzu ko a da. Suna nuna cewa shingen ana iya tsallake shi, suna kuma nuna sharuɗɗan tsallakewar.

Kogin Haɗeja bai cika ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan ba. Ruwansa ba ya zuwa teku. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama shi, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da na Jama’are kusa da Gashuwa, abin da ya tsira daga rana da yashi ya bi Komadugu Yobe ya faɗa Tafkin Chadi, nan kuma tafiya ta ƙare. Za a iya cewa ai ba kullum haka yake ba, kuma gaskiya ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba’in kilomita 350,000, tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri tsohuwar gaɓarsa ce, kuma kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, mai shekara wajen 8,000, shaida ce ta zamanin da ruwa ya yalwata a wannan yanki. A lokacin tafkin yana ambaliya ta kwarin Mayo Kebbi zuwa Binuwai, kuma Mayo Kebbi yana shiga Binuwai ne dab da Garwa, garin da aka fara bayyana kunamar ruwa. Irin wannan haɗuwa na daga cikin abin da ya sa giwan ruwa da yauni da minjirya suke a Chadi suke kuma a Neja da Binuwai. Sai dai ruwan daga Chadi yake gangarowa, kuma a tsakiyar hanya akwai magangarar Gauthiot inda yake faɗowa daga kan duwatsu. Gangarowa abu ne mai sauƙi ga kowane kifi, hawa kuwa ba aikin mai kwanciya a yashi ba ne. Ko da wasu sun haye, tafkin ya sha tsukewa bayan nan har ya kusa ƙafewa, abin da mai zuba dubban ƙwai zai jure, mai haihuwar biyu ko uku ba zai jure ba.

Ƙasar Hausa dai ta taɓa sanin shak. Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce wani reshen teku ya sha ratsa inda Sahara take a yau, ya rufe yankin Sakkwato da Tawa. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙasan wannan teku ta taru, kuma tun 1934 Errol White ya wallafa bayanin haƙoran shak da sauran kifaye da aka tsinto a lardin Sakkwato. A Gadufawa ta ƙasar Nijar, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kada na zamanin da, an samu haƙora da ƙayoyin wani tsohon dangin shak da ya rayu a koguna shekara miliyan 110 da suka wuce, tare da haƙoran dangin gaiwa a cikin duwatsu guda. Wancan dangi na shak ya ƙare, tekun ya janye, ƙasar ta bushe, dangin gaiwa suna nan.

Wani zai ce wannan duk ilimin nishaɗi ne, me ya shafi mai su a Guri da kifin da bai taɓa gani ba? Ya shafe shi ta fuska biyu. Ta farko, idan ruwa ne ke zaɓar kifinsa, to duk wanda ya canza ruwa ya canza kifi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, cikowar da a shekarun baya kan rufe sama da murabba’in kilomita 2,000 na fadama ta ragu ƙwarai, a shekaru da dama ba ta kai rabin haka ba, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana wasu magudanai bushewa, kachalla ta samu wurin zama ta toshe su. Kifayen da ke jiran hawan ruwa kafin su yi ƙwai su ne suka fara ji a jika. Ta biyu, shingen da ya raba kogi da kogi yana da aikin da ba a ganinsa sai an fasa shi. Magangarar Nayagara ta tsare lamfirin teku daga manyan tafkunan sama na Amurka da Kanada shekaru dubbai, sai aka faɗaɗa mashigin Welland don jiragen ruwa su kewaye ta. A 1921 aka ga lamfiri a Tafkin Erie, kafin farkon shekarun 1960 kamun babban kifin da masuntan can suka dogara da shi ya faɗi zuwa kusan kashi 2 cikin 100 na yadda yake a da, kuma har yau ƙasashen biyu suna kashe miliyoyin daloli duk shekara don rage shi. Lamfiri ba zai zo Haɗeja ba, zafi ya tsare mu daga shi. Amma shirin janyo ruwa daga kwarin Kwango zuwa Tafkin Chadi, wanda aka sake tattaunawa a taron Abuja na Fabrairun 2018, zai haɗa Chadi da kogin da ke ɗauke da ɗaruruwan nau’o’in kifi da cututtukansu waɗanda ruwanmu bai san su ba. Buƙatar ruwan gaskiya ce, kuma ba na cewa a yi watsi da ita, amma lissafin da bai sa kifi a ciki ba bai cika ba.

Jinkirin haihuwar da ya hana masu guringuntsi zama a fadama shi ne kuma yake ƙarar da su a inda suke. Tarwaɗa tana iya jure kamu mai tsanani ta farfaɗo, shak ba ya iyawa. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan nau’o’insu na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kamun da ya wuce kima ne babban dalili. Duk wanda ya taɓa karɓar sefa a kasuwar Maigatari ya riƙe hoton ɗaya daga cikinsu, domin tambarin da ke jikin kuɗin siffar kifin zarto ce, ɗan gidan kunamar ruwa mai dogon hanci da haƙora a gefe biyu, wanda a da yake cike a bakin kogunan Afirka ta Yamma, yanzu kuwa da ƙyar ake ganinsa. Kunamar ruwa ta Binuwai ma tana cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, kuma ba a san ta a ko’ina ba sai a ’yan kogunan Nijeriya da Kamaru. Masuntanmu da ke tafiya ci-rani Yola da Numan da Ibi da Makurɗi suna cikin mutane ƙalilan a duniya da za ta iya faɗowa cikin tarunsu. Naman da ke jikinta bai taka kara ya karya ba, kuma kowace uwa da aka fitar ta tafi da ’ya’yan da ba su da mai maye gurbinsu da wuri. Wanda ya same ta da rai ya kiyayi wutsiyar, ya mayar da ita ruwa, ya kuma sanar da Sarkin Ruwan wurin da jami’an kula da kamun kifi inda ya gan ta da watan da ya gan ta.